Bayan an sallami majinyaci: tarihin jinya da aiki, daga Babbar Ruga zuwa Ile-Ife

Shekara uku ke nan da baffana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na ɗinki a nan cikin birnin Katsina. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi sati biyu a gadon asibiti, daga nan muka shiga zaryar kai shi gashi har tsawon watanni. Cikin ikon Allah ya miƙe, ya fara takawa da sanda, ’yan dubiya suka yi ta cewa ai Baffa ya warke. Mu da muke cikin gida mun san da sauran aiki. Ba ya iya riƙe buta da hannun dama, ba ya iya ɗaure mazagin wando, ba ya iya yanka loma. Mutumin da ya shekara arba’in yana cin tuwon dare da maƙwabta a ƙofar gida sai ga shi ya koma ci shi kaɗai a ɗaki, don kada a ga yana kai hagu baki. Kuma duk zaryar da muka yi, ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya yake yin alwala, ko wa ke kai shi banɗaki.

Ashe akwai sana’a guda a fannin lafiya da wannan tambayar ce aikinta. Ni da na yi digiri a kan yadda jikin ɗan Adam ke aiki, sai a lokacin na san da ita, abin kunya. Turawa suna kiranta okupeshonal terafi, ma’aikatan asibiti kuma su taƙaita su ce OT. A nan zan riƙa ce mata jinya da aiki. Sai dai a lura, “aiki” a nan ya wuce sana’ar neman kuɗi. Ana nufin duk abin da ke cika wa mutum yininsa: wanka, sa kaya, girki, zuwa masallaci, rubutu a aji, wasan yara, har da cinikin kasuwa. Mai gashi yana duba ƙarfin tsoka, motsin gaɓa da tafiya. Mai jinya da aiki kuwa yana farawa ne daga abin da majinyaci ke son komawa yi, ya warware shi mataki-mataki, ya gano inda yake cijewa, sannan ya horar da mutumin, ko ya sauya kayan aikin, ko ya gyara wurin. Sau da yawa duka ukun yake haɗawa.

Asalin abin

Tushen wannan tunani yana gidajen masu taɓin hankali na Turai. A ƙarshen ƙarni na 18 ana ɗaure irin waɗannan marasa lafiya da sarƙa, kamar yadda har yau ake samun ana sa mari a wasu wurare a ƙasarmu. Likita Philippe Pinel, wanda ya kama aiki a asibitin Bicêtre na birnin Paris a 1793, shi ake yawan yaba wa da kwance sarƙar, kodayake masana tarihi sun nuna cewa mai kula da ɗakunan, Jean-Baptiste Pussin, wanda shi ma tsohon majinyaci ne a wurin, shi ya fara. A Ingila kuma William Tuke ya buɗe wani gida a York a 1796, inda aka riƙa ba marasa lafiya aikin lambu da ɗinki da tsarin yini mai lokacin tashi da na kwanciya. Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne: wanda aka bari zaune ba ya yin komai yakan ƙara lalacewa.

Sana’ar ba ta samu suna da ƙungiya ba sai bayan shekara ɗari da ashirin. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, George Edward Barton, ya kamu da tarin fuka, sanyi ya ci masa ƙafa har aka yanke wani sashe nata, sannan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aikin kafinta da na lambu ya lallaɓa kansa har ya farfaɗo, kuma a 1914 ya buɗe wani gida a garin Clifton Springs na jihar New York don masu irin halinsa. A wannan gida ne, a watan Maris na 1917, mutum shida suka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki. Cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton da Eleanor Clarke Slagle, matar da ta tsara yadda ake koya wa majinyaci ɗabi’un yau da kullum daga farko. Wata guda bayan haka Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara dawo da samari da guntayen hannuwa da ruɗaɗɗen tunani, gwamnati ta ɗauki mata da yawa don su koya musu saƙa, sassaƙa da sauran ayyukan hannu a asibitocin soja. Yaƙi ne ya raini sana’ar, haka kuma na biyun ya ƙara mata girma. A Ingila likita Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko a Bristol a 1930. Afirka ta Kudu ta fara horar da nata a 1943, kuma tana cikin ƙasashe goma da suka kafa tarayyar duniya ta masu wannan sana’a a 1952.

Kafin asibiti ya zo mana

Ba da zuwan Bature aka fara tunanin yadda mai nakasa zai rayu a ƙasar Hausa ba. Garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautu ne na gaske masu alaƙa da fada, suna sasanta rigima, suna karɓar baƙo, suna raba abin da aka samu. An san makafi da tufkar igiya, an kuma san da yawa cikinsu da haddar Alƙur’ani da waƙoƙin wa’azi. Wannan tsari ya ba mutum jama’a da matsayi, abin da asibitin zamani bai cika bayarwa ba. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki, ginshiƙin tsarin bara ne. Yaron da shan-inna ta kama tun yana rarrafe, an riga an yanke masa sana’a tun kafin ya yi wayo.

Wurin da aikin hannu ya fara haɗuwa da magani a Katsina shi ne Babbar Ruga, can bayan gari a kan hanyar Batsari. Sansanin masu cutar kuturta ne na lardi, kuma a 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi gudanar da shi bisa yarjejeniya da En’e, kamar yadda aka yi a sansanonin lardin Kano da na Amanawa a Sakkwato. A wancan lokaci babu maganin kirki, allurar wani mai ake yi da ake samu daga ’ya’yan wata bishiya ta ƙasar Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Mutum yakan shekara da shekaru a sansani, don haka wurin ya zama kamar ƙauye, da gonaki da ayyukan hannu. A nan dole a yi adalci ga tarihi. Wannan noma ba duka jinya ba ne, da shi ake ciyar da sansanin, kuma majinyacin da ke son ci gaba da karɓar allura ba ya da bakin cewa a’a. Irin wannan zargi ya bi gidajen masu taɓin hankali na Turai ma, inda “aikin warkarwa” ya rikiɗe ya zama ƙwadago kyauta. Abin da ya raba jinya da aiki ta yau da wancan shi ne majinyaci ne ke zaɓar abin da yake son iyawa, kuma ana auna ci gabansa.

Kuturta ce ma ta koya wa duniya darasi mafi girma a wannan fanni. Kowa ya ɗauka cutar ce ke cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya daga ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar ba haka take faruwa ba. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne. Mutum sai ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ƙuna ba, ya yini yana noma ƙotar fartanya tana goge masa tafin hannu, ƙaya ta shige masa ƙafa ya yi ta tafiya a kanta. Ciwon ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce. Ka ga ke nan ko an kashe ƙwayar cutar, hannun zai ci gaba da lalacewa muddin ba a sauya yadda mutum ke aiki ba. Daga nan aka fito da takalma masu taushin ciki, da naɗe ƙotar kayan aiki, da tsumman sauke tukunya, da ɗabi’ar duba hannu da ƙafa kowane dare, a jiƙa su a ruwa, a shafa mai. Ba allura a ciki, ba tiyata, amma ya ceci yatsu masu yawan gaske. Idan aka ce in nuna wa wani mene ne jinya da aiki da misali ɗaya, wannan zan ɗauko.

Magani kuwa, Nijeriya tana da hannu a cikinsa. A Uzuakoli da ke gabashin ƙasar nan ne likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya shan ƙwayar dafson kai tsaye, ga araha. Wannan ya sa aka fara ba mutane magani a ƙananan asibitocin ƙauye ba tare da an tsare su ba. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna a farkon shekarun 1980, sansanonin suka fara zama fanko.

Sai Babbar Ruga ta sake wata rayuwa. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba su da inda za su, ya fara yi musu aiki a 1984. Ya yi wa dubban mata tiyata, ya horar da likitoci da yawa, kuma yau wurin cibiya ce ta ƙasa ta masu wannan lalura. Abin sha’awa, haka ta faru a Danja ta kusa da Maraɗi (kada a rikita ta da Danjarmu ta jihar Katsina), inda aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012 a harabar tsohon asibitin kuturta. Su ma waɗannan mata ɗinke ɓaraka ba ta gama musu matsala. Yarinyar da miji ya saka, ta rasa jariri, ta yi shekara biyu ana toshe hanci idan ta wuce, wani lokaci ma ƙafarta ɗaya tana ja saboda doguwar naƙuda ta danne jijiya, tana buƙatar fiye da zare da allura. Shi ya sa cibiyoyin suka haɗa da koyar da ɗinki da saƙa da yaƙi da jahilci. Ra’ayina dai shi ne raba keken ɗinki ga kowa da kowa a ranar yaye ɗalibai taimako ne, amma bai kai jinya ba. Wata talla ta iya, wata kiwo, wata makaranta take son komawa. Tantance wannan, mace bayan mace, shi ne gurbin da ƙwararre zai cike.

Yadda ta shigo da takarda

A hukumance, fannin farfaɗo da majinyata ya shigo Nijeriya ta Legas, kuma nan ma yaƙi ne sila. A 1943 aka buɗe sansani a Igbobi don sojojin da suka samu rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da kakanninmu da yawa suka je har Bama. Sansanin ya zama asibitin ƙashi a 1945, kuma a wannan shekara Turawan Ingila biyu suka fara aikin gashi a wurin. Jinya da aiki ta biyo baya a shekarun 1950, ita ma ta hannun Turawan Ingila, a yankin kudu maso yamma.

A daidai wannan lokaci wani ɗan ƙasa ya yi abin da duniya ta zo kallo. Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954. Maimakon a kulle mai taɓin hankali kamar yadda ake yi a gidan Yaba tun 1907, sai a sauke shi a gidan wani a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, tare da ɗan’uwansa guda da zai kula da shi. Da safe ya je a duba shi, ya yi ayyukan hannu, da yamma ya koma cikin mutane, ya je kasuwa, ya ga ana biki. Lambo likita ne, ba OT ba, amma abin da ya gina shi ne ainihin aƙidar sana’ar, wato rayuwar yau da kullum ita kanta magani ce. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959. A nan ne wajen 1990 aka fara horar da masu gashi tare da haɗin gwiwar Jami’ar Bayero, kuma ina ganin wannan ne dalilin da ya sa yau ko tsohuwa a ƙauye ta san a ce “a kai shi gashi”. An yaye ’ya’yanmu, sun dawo asibitocinmu, suna magana da harshenmu, har aikin ya samu sunan Hausa. Jinya da aiki ba ta samu wannan gata ba. Jami’ar Ibadan ta fara digirin gashi tun 1966, amma sai a farkon shekarun 2000 aka samu tsayayyen horo na OT a cikin gida: makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, ƙarƙashin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, mai ba da difloma, da kuma digiri a Jami’ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Tazarar ta haura shekara 35. Kafin nan yawancin ’yan kaɗan ɗin da ake da su a waje suka yi karatu. Hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, an kafa ta ne da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, kuma ita ce ke kula da masu gashi, masu gyaran magana, masu auna ji da masu ƙera ƙafar roba.

A wannan dogon giɓi mutane ba su zauna jira ba. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada da abokansa waɗanda shan-inna ta shafa suka kafa wurin walda suna ƙera keken guragu mai tuƙin hannu, wanda ya dace da rairayi da lungunanmu fiye da kujerar asibiti da ake kawowa daga Turai. Wannan fasaha ce ta gida, kuma duk OT ɗin da zai yi aiki a Arewa ya kamata ya fara zama ɗalibinsu.

To, yana aiki kuwa?

Tambaya ce da ta dace, don mai kallo daga nesa zai ga kamar wasa ake yi: babba da gemunsa ana sa shi tsintar wake yana zubawa a kwalba. Amsar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke gyara kanta. Kowane sashe na jiki yana da yankinsa a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma iyakokin yankunan nan suna motsawa gwargwadon amfani. A 1996 Randolph Nudo da abokan aikinsa suka toshe jini a ɗan ƙaramin wuri na yankin hannu a ƙwaƙwalwar wasu ƙananan birai. Biran da aka ƙyale, yankin hannun nasu ya ƙara tsukewa har a inda ciwon bai taɓa ba. Waɗanda aka sa su yi ta ciro ƙwayar abinci daga ƙananan ramuka kullum, yankin nasu bai tsuke ba, a wasu ma ya faɗaɗa. Edward Taub kuma ya bayyana abin da na gani da idona a gidanmu: idan hannu ya ƙi aiki a makonnin farko, mutum yakan koyi yin watsi da shi, ko da daga baya ƙarfi ya fara dawowa. Maganin da ya fito da shi shi ne a sa wa lafiyayyen hannun safa mai kauri na wasu awoyi, a tilasta wa mai ciwon yin aiki. Ba kowane majinyaci wannan ya dace da shi ba, sai wanda yatsunsa da wuyan hannunsa suka fara ɗan motsi, don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaure wa tsohonsa hannu.

Akwai kuma lissafi. Wani nazari da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2007 ya tattara gwaje-gwaje 9 da suka ƙunshi mutum 1,258 masu shanyewar ɓarin jiki. Ya gano cewa a cikin kowane mutum 100 da aka yi wa jinya da aiki a kan kula da kai, kimanin 11 sun tsira daga mummunan sakamako, wato mutuwa, taɓarɓarewa ko dogaro da wani. A fagen magani wannan ba ƙaramin adadi ba ne, ga shi kuma ba injin miliyoyi ake buƙata ba.

Ga ɗalibin da ke tunanin shiga

Hanyar a fili take. Kiredit biyar a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, sannan a JAMB a zauna Turanci da waɗannan ukun na kimiyya. Digirin shekara biyar ne. Ana fara shi da darussan sassan jiki da yadda suke aiki, kusan tare da ɗaliban likitanci, sannan ilimin halayyar ɗan Adam, cututtukan ƙwaƙwalwa, lafiyar yara, da koyon ƙera abin tallafar hannu da wata roba da ake tausasawa a ruwan zafi a lanƙwasa ta daidai da hannun majinyaci. Bayan an gama sai rajista da MRTB, shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Ban da Ife, Jami’ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo, wadda aka kafa a 2015, tana cikin masu koyar da fannin. Sabbin wurare suna ɓullowa, saboda haka kafin ka biya ko sisi ka tabbatar hukumar jami’o’i da MRTB duk sun amince da kwas ɗin. Ka kuma sani cewa matsayin mai difloma a wurin aiki ba ɗaya yake da na mai digiri ba. Idan kana da niyyar fita waje wata rana, ka bincika ko tarayyar duniya ta amince da makarantar, don ƙasashe da yawa suna duba wannan, Amurka ma tun 2007 sai da digiri na biyu ake shiga sana’ar.

Batun samun aiki fa? Nan ne zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Buƙata kam ba a magana. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutum biliyan 2.4 a duniya, kusan ɗaya cikin uku, suna da lalurar da farfaɗowa za ta amfane su. A nan gida ba sai an kawo maka alƙaluma ba. Ga masu hawan jini da ciwon suga, ga ’yan acaɓa da haɗari ya karya, ga yaran da shawara ko sanƙarau ko wahalar haihuwa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ga waɗanda harbin ’yan bindiga ya nakasa a yankunan Batsari, Jibiya da Safana. An tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shafa suna nan, kuma yanzu ne girma ke kama su, kafaɗun da suka shekara talatin suna ja da jiki sun fara gajiya.

Sai dai buƙata daban, gurbin aiki daban. Guraben da ake da su yawanci suna asibitocin tarayya ne: na koyarwa, na ƙashi irin Dala, da na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, kuma albashin yana bin tsarin CONHESS kamar sauran ma’aikatan lafiya da ba likitoci ba. A matakin jiha sau da yawa ba a ma san da gurbin ba balle a tallata shi. Wasu suna samun abin yi a cibiyoyin yara masu zaman kansu a Abuja da Legas, wasu a ƙungiyoyin agaji, da yawa kuma suna tattara takardu su tafi Ingila. Dokoki biyu za su iya sauya lissafin idan aka yi aiki da su. Ta farko ita ce dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama’a wa’adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati. Wa’adin ya cika a 2024, kowa kuma yana iya zagaya ma’aikatun garinsa ya ƙirga matakala. Ta biyu ita ce dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Duk da haka, da ƙanwata za ta tambaye ni, zan ce ta shiga, kuma dalilina harshe ne. Likitan tiyata yana iya yi maka aiki bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, tunda kana barci. OT ba ya iyawa. Dole ya san yadda ake tsarki, ya san banɗakin tsuguno, ya san tsayin turmi da nauyin taɓarya, ya san cewa dattijuwa ba za ta faɗa wa saurayi matsalar ɗaura zanenta ba. Littattafan fannin cike suke da darasin ɗaure igiyar takalmi da cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Ba wanda ya rubuta babin buta. Yanzu da Katsina ke da asibitin koyarwa na tarayya tun 2022, ga Babbar Ruga, ga makarantar makafi a cikin gari da ta kurame a Malumfashi, wuraren koyon aiki ba su ne matsala ba.

Mu dai a ƙarshe ta waya muka samu taimako. Wata da muka yi hidimar ƙasa tare ta haɗa ni da wata OT da ke aiki a kudu, muka riƙa kiran bidiyo ta WhatsApp ina yi musu tafinta. Tambayarta ta farko ta ba Baffa mamaki, don ba ta ce ya ɗaga hannu ba, cewa ta yi, “Baba, me ka fi kewa?” Ya yi shiru, sannan ya ce alwala. Malamai sun riga sun gaya masa addini ya yi masa sauƙi, amma shi so yake ya yi da kansa. Aka sa bokiti mai famfo a kan kujera daidai gwiwarsa, aka kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, yaran shagonsa suka cire mazagi daga wandunansa suka sa roba. Cokalinsa muka naɗe wa mariƙi da tsumma da robar tayar keke har ya yi kauri, ta ce kullum loma biyar ta farko da dama zai ci, ko rabi zai zube. Wata na huɗu ya koma cin abinci a ƙofar gida. Yanzu yana zuwa shago da hantsi, shi ke gwada masu kawo ɗinki, yana riƙe bakin tef da dama, yana faɗa wa yara inda za su yanka. Almakashi ne har yau bai koma hannunsa ba, muna kan gwada wani mai sifirin da ke buɗe kansa.